Rabin Kwando Lafiya, Rabi Ya Saki

Kwandon ƙarami ne, zagayayye, bai fi a zuba masa albasa bakwai ko takwas ba. Da tsumagun wilo aka saƙa shi, wato itacen nan mai son fadama wanda mutanen Ingila suka daɗe suna yin kwanduna da shi. Ranar da aka gama shi, a matse yake tun daga gindi har baki. Bayan kamar mako biyu sai ya sake kama. Gindin na nan daram, rabin jikinsa na ƙasa na nan a tsuke, bakin ma ƙam, amma daga tsakiya zuwa ƙarƙashin baki saƙar ta saki gaba ɗaya. In ka ɗaga shi wajen taga sai ka hangi haske ta tsakanin layuka. In ka tura da ɗan yatsa, tsumagun su hau su sauka. Babu wadda ta karye, babu wadda ta zare. Kwando ɗaya, hannu ɗaya, yini ɗaya, to me ya raba sama da ƙasa?

Mai kwandon ɗiyar ƙanwata ce, ma'aikaciyar jinya a garin Taunton da ke lardin Somerset, kudu maso yammacin Ingila. Wata ranar hutu ta shiga ajin koyon saƙa na yini guda, ta dawo gida da kwandonta na farko, wanda har yau yana nan lafiya lau. Wannan na biyun shi ne ta yi ita kaɗai a gida cikin watan Fabrairu, ba malama a kanta. Da na je ziyara ta ajiye shi a gabana, alhali ta riga ta yanke wa kanta hukunci.

"Kawu, hannuna ne. A aji malama na tsaye tana gyara mini. Ni kaɗai kuwa, da na kai tsakiya na gaji, yatsuna sun yi tsami, na daina jan saƙar yadda ya kamata."

Maganar tana shiga hankali, kuma da wuya a sami sabon shiga da bai fara zargin hannunsa ba. Amma akwai abin da ke jikin kwandon da ya ƙi yarda da ita, sai dai ba a ganinsa sai an san yadda ake ta da irin wannan kwando.

Ana farawa da gajerun sanduna shida masu kauri. A huda uku a tsakiya da basilla, a zura sauran ukun ta cikin hudar, su gitta juna. A ɗauko siraran tsumagu biyu a riƙa murɗa su a kewaye, wannan ta hau waccan ta sauka, ana buɗe sandunan a hankali har su baje, kawuna goma sha biyu kowanne ya fuskanci nasa gefe. Gindi ke nan. Daga nan a fiƙe dogayen tsumagu ashirin da huɗu, a soka ɗaya a dama ɗaya a hagun kowane kai, a danna tsinin wuƙa a daidai inda za su lanƙwashe don kada su karye, a miƙar da su sama. Su ne tsumagun tsaye, ƙashin kwandon. A kansu ake kewaya saƙar jiki, da fari da tsumagu uku-uku don a kafa siffa, sannan ɗaya-ɗaya, ta gaban wannan ta bayan waccan, ana bubbuga layukan ƙasa da wani ƙarfe mai faɗi don su haɗe. A ƙarshe sai baki. Shi kuwa baki ba da sababbin tsumagu ake yin sa ba. Tsumagun tsayen nan ne ake kwantarwa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ratsa ta bayan 'yan'uwanta ta fito, har su kulle juna.

Baki shi ne aikin ƙarshe, kuma ya fi kowane sashe cin ƙarfin babban yatsa, don tsumagunsa sun fi na jiki kauri. Da gajiya ce ta ɓata saƙar, da bakin ne zai fi ko'ina lalacewa. Ga shi kuwa ya fi ko'ina kyau. Na ce ta nuna mini hoton da ta ɗauka a waya ranar da ta gama. A hoton layukan sama a manne suke da juna, babu inda haske ke ratsawa.

"'Yata, saƙar da hannu ya yi wa sakaci a ranar take nuna kanta, ba ta jira mako biyu. Wannan bayan kin ajiye shi abin ya faru."

Sai zargi ya koma kan zafi. A watan Fabrairu gidajen Ingila ba sa rabuwa da na'urar ɗumama ɗaki, kuma kwandon a kan kanta yake zaune, kusa da ita. Wannan bai ɗauke mu lokaci ba. Da zafin ne, da gefen da ke fuskantar na'urar ya fi sakewa, amma sakin ya kewaye kwandon daidai wa daida, daga layi guda ya fara ko'ina. Ban da haka, kwandonta na farko a kan kantar nan yake tun kafin wannan, ko gezau bai yi ba.

Saura jiƙo, kuma a nan ne na yi zaton za mu kama ɓarawon, domin wilo ba iri ɗaya ake jiƙa shi ba. Manoman Somerset suna yankan tsumagun a cikin hunturu, bayan ganye ya zube, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, kuma irin da suka fi shukawa shi ne Black Maul. Daga gona ɗaya ake fitar da kaya iri uku. Akwai wanda ake busarwa da ɓawonsa, ya fito ruwan ƙasa mai duhu. Akwai wanda ake dafawa da ɓawon na tsawon awanni, har rinin da ke cikin ɓawon ya ratsa itacen, sannan a ɓare shi ya fito jaja-jaja. Akwai fari, wanda ake tsayarwa cikin ruwa har sanyi ya ja baya, ruwan jikin itace ya motsa, ɓawon ya saku, a ɓare shi ba tare da dafawa ba. Wanda aka ɓare, awa ɗaya ko biyu cikin ruwa ya ishe shi. Mai ɓawo kuwa sai haƙuri, ƙa'idar masu sana'ar ita ce kwana ɗaya a kan kowace ƙafa ɗaya ta tsawonsa, wato tsumagiya mai ƙafa huɗu ta yi kwana huɗu. Bayan an tsame, a naɗe su cikin jiƙaƙƙen zane su kwana, don laimar ta game cikinsu.

A aji da dafaffe ta koya, wanda malama ta jiƙa da kanta. Na gida kuwa mai ɓawo ne, ta saye shi wurin wani manomi, ita ta jiƙa shi a bahon wanka. Ashe ga bambanci. Idan jiƙon ya wuce kima tsumagiya takan sha ruwa fiye da buƙata, ɓawonta ya yi santsi ya fara saɓulewa. Mai yiwuwa sirara sun jiƙu fiye da masu kauri, tun da lokaci ɗaya aka tsoma su aka tsame su. Na juya kwandon na duba gindi. Tsumagun da suka fi kowanne siranta a nan suke, su ne aka murɗa a kewayen sandunan farko, kuma a matse suke kamar ranar da aka saƙa su. Ɓawon na sama kuma bai saɓule ko'ina ba. Baho ɗaya, ruwa ɗaya, kwanaki ɗaya. Jiƙo ma ya kuɓuta.

Abu guda na lura da shi a wannan dubawar, ban dai san inda zan ajiye shi ba a lokacin. Tsumagun sama sun ɗan fi na ƙasa haske, da alamar kore-kore, kuma ɓawonsu ya fi yamutsewa, ya yi dogayen tamoji masu bin tsawon tsumagiyar. Ita ta ce ta gani, ta ɗauka hasken taga ne ya kodar da su.

Amsar ba a jikin kwandon ta fito ba. A bayan ƙofar kicin akwai bokiti da ɗan ruwa a ciki, inda ta tsayar da ragowar tsumagun tun ranar saƙa, da niyyar yin wani abu da su. Da na ɗaga su don a zubar da ruwan, sai na ga sun kasu biyu. Waɗansu na nan yadda suke, baƙi-baƙi, sun fara wari. Waɗansu kuwa sun fitar da fararen saiwoyi a gindi, idanunsu sun kumbura, har ɗaya ta fara buɗe ganye.

"Kin ce busassu kika saya?"

"Busassu ne, Kawu. Har ƙara suke yi in ka kaɗa damin."

"To busasshen itace ba ya saiwa. Waɗannan da ransu. Daga ina suka fito?"

Ta yi shiru, can ta ce, "Af! Na dattijon nan ne."

Maƙwabcinta wani tsohon Bature ne mai ɗan lambu, irin wanda ƙaramar hukuma ke bayarwa haya, ya shuka layin wilo a gefe don ya tare masa iska. Da ya ji tana koyon saƙa, ya ɗebo mata ɗan dami daga cikin rumfar ajiyarsa. Ita kuwa dama tana tsoron nata ba zai isa ba. Ta sa nasa a ƙasan baho, ta ɗora nata a kai, ta kwance igiyoyin. Da suka jiƙu duk suka yi duhu, ba a iya bambance su. Haka ta kwashe su zuwa cikin zane, na sama a sama, na ƙasa a ƙasa. Ranar saƙa ta riƙa ɗauka daga sama. Gindi, tsumagun tsaye da rabin jiki duk da na saye aka yi su. Da suka kusa ƙarewa sai hannunta ya kai ga na dattijo ba tare da ta sani ba. Baki kuma, tun da tsumagun tsaye ne aka kwantar, na saye ne. Iyakar da ke tsakiyar kwandon iyakar dami biyu ce.

Ba ta ambaci kyautar ba saboda ba ta ga tana da alaƙa da maganar ba: daga rumfa aka ɗauko su, a ido kuma sun yi kama da busassu. Da muka tambayi dattijon ya ce a Janairu ya yanke su. 'Yan makonni a rumfa mai sanyi da laima ba sa busar da wilo. Itace ne mai taurin rai, manoma ma ba iri suke shukawa ba, guntun tsumagiya suke sokawa a ƙasa ya kama.

An san mai laifi, amma ni a nan ne abin ya fi ɗaure mini kai. Mun taso muna jin cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne, ita da kanta ta shaida cewa tsumagun sama sun fi daɗin saƙa, suna bin hannu ba gardama. To in laima ce matsalar, ai duka damin biyu a jiƙe suke ranar saƙa. Duka sun kwana cikin ruwa, duka sun bushe a kan kanta ɗaya. Me ya sa ɗaya ya motse, ɗaya bai motse ba? Kuma in itace ya motse, me zai hana saƙar ta ƙara tsukewa maimakon ta saki?

Tambaya ta biyu ta fi sauƙin amsawa. Itace ba ya motsewa daidai ta kowane gefe. Zaruruwan cikinsa a tsaye suke, suna bin tsawonsa. Idan ruwa ya fita, kusantar juna suke yi, ba gajercewa ba. A katako, abin da tsawo ke raguwa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kauri kuwa yakan ragu da kashi 4 zuwa 10, gwargwadon irin itacen da gefen da aka auna. Saboda haka tsumagiyar da ta kewaye kwando tana nan da tsawonta, ba ta ƙara ɗaure tsumagun tsaye ba, ramewa kawai ta yi a inda take. A ce kowace ta rasa rabin milimita na kaurinta. Ido ba zai gani a tsumagiya ɗaya ba, amma layi ashirin a jere sun ba da santimita guda na sarari. Shi ne hasken da muke hangowa. Dogayen tamojin nan kuma ɓawo ne da ya yi wa abin da ke cikinsa yawa.

Tambaya ta farko kuwa amsarta tana cikin tarihin kowace tsumagiya. Ɗanyen wilo kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wani a cikin ƙofofin itacen, wani a cikin bangon zaruruwan kansu. Tsumagiyar shekara ɗaya ce, namanta bai yi ƙwari ba, ga totuwa a tsakiya, ga ɓawo mai ruwa a waje. A bushewar farko duk waɗannan suna lotsawa, kuma lotsawar ba ta komawa duka. Idan aka jiƙa busasshiyar tsumagiya takan sha ruwan da zai sa ta yi laushi, ta ɗan kumbura, amma ba ta komawa kaurinta na gona. Ta riga ta yi babbar ramarta tun kafin ta shiga kwando, abin da ya rage mata kaɗan ne, wanda bubbugawa da ƙarfe ke maganinsa. Ɗanya kuwa a cikin kwandon take yin ramar farko. Masu saƙar tabarma da faifai a ƙasarmu sun san wannan: kaba sai ta bushe tukuna, sannan a yayyafa mata ruwa a saƙa.

Duk da haka da sauran ƙofa ɗaya a buɗe. Wilon dattijo ba lallai ne ya zama iri ɗaya da na manomin ba, launinsu ma ya bambanta. Wa ya ce ba irin ne mai yawan motsewa ba, ko ɗanye ko busasshe? Wannan sai an gwada, kuma ita ta yi gwajin bayan na tafi, tana aiko mini da hotuna. Ta karɓo ragowar damin dattijo ta raba biyu. A kashi na farko ta ɗaura wa kowace tsumagiya zare tamau a tsakiya, ta yi alamu biyu da biro ta auna tazararsu, ta jingine su a ɗaki. Kashi na biyu ta bar su suka bushe, tana ɗora su a kan sikelin kicin lokaci-lokaci har nauyinsu ya daina raguwa. Sannan ta jiƙa su bisa ƙa'ida, ta ɗaura musu zare suna jiƙe, ta sake barin su suka bushe. A kashi na farko zaren ya zama zobe mai yawo, yana zamewa da kansa in an karkata tsumagiyar, tazarar alamun biro kuwa ba ta canza yadda rula za ta nuna ba. A kashi na biyu zaren yana juyawa in an murza shi, amma yana nan inda aka ɗaura shi. Itace ɗaya daga layi ɗaya. Ba irin ba ne, ɗanyantaka ce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ta yi saurin ɗora wa kanta laifi, har ta fara cewa saƙa ba tata ba ce. A ajin yini ɗaya ana miƙa wa ɗalibi tsumagun da aka yanka, aka ware bisa tsawo, aka busar, aka jiƙa, aka kwantar cikin zane. Abin da ɗalibi ke gani shi ne awannin ƙarshe na aikin da ya ci watanni. Ban ga laifin malamai ba, yini ɗaya ba ya ɗaukar komai da komai, amma ina ganin ya kamata kowane mai koyarwa ya sa ɗanyar tsumagiya da busasshiya a hannun ɗalibansa tun a awar farko, ya gaya musu dalilin da ya sa ake busarwa kafin a jiƙa. A da ba sai an faɗa ba a wannan yanki. A shekarun 1930 fiye da eka 9,000 na fadamun Somerset wilo ne, ƙauyuka suna rayuwa a kan yanka da ɓarewa da saƙa, yaro ma ya san dami ɗanye da busasshe. Robobi da kwalaye suka karɓe kasuwar kwando daga shekarun 1950, zuwa ƙarshen ƙarni na 20 abin da ya rage kimanin eka 350 ne kawai. Tsirarun gidaje suka riƙe sana'ar, irin gidan Coates na ƙauyen Stoke St Gregory, wanda ke wannan aiki tun 1819. Yau mutum yana iya shuka wilo a lambunsa shekara da shekaru, kamar dattijon nan, bai taɓa jin cewa ba a saƙa kwando da shi ɗanye ba.

Ɗanyen ma yana da wurinsa. Da shi ake yin shinge mai rai, a soka tsumagun a ƙasa a sarƙe su, su yi saiwa su ci gaba da girma. Da shi ake lanƙwasa zoben da za a bari ya bushe a kan siffarsa kafin a yi saƙa a kai. Saƙa mai layi a kan layi ce ba ta jure shi.

Da ta kai wa malamarta kwandon, malamar ba ta ko tambayi labari ba. Ta tura layukan sama da yatsa, ta ce ɗanye ne, ta nuna mata gyara: a bubbuge layukan da suka saki su sauka su haɗe, sararin duk ya taru a ƙarƙashin baki, sai a cike shi da jiƙaƙƙun tsumagu biyu ko uku daga busasshen dami. Ta kuma nuna mata yadda ake gane wilo kafin a tsoma shi a ruwa. A kankare ɓawon da farce: in ƙarƙashinsa kore ne shar mai damshi, da sauransa. A auna dami a hannu, ɗanye ya fi nauyi nesa ba kusa ba. A lanƙwasa kan tsumagiya, busasshiya takan karye ƙas, ɗanya sai ta bi hannu. Dattijon ya ce hunturu mai zuwa zai bar mata layin gaba ɗaya ta yanka. Malamar ta ce ta ware su bisa tsawo, ta ɗaure su dami-dami ba tamau ba, ta tsayar da su inda iska ke ratsawa kuma ruwan sama ba ya taɓa su, kada ta kusance su da baho sai sikeli ya daina sauka.